Ƙoƙon Kunkuru Jikinsa Ne

Ƙannena maza da mata, akwai kunkuru a gidajenmu fiye da yadda ake zato. Wani ya tashi ya tarar da shi a tsakar gida tun zamanin kakansa, wani ya saya a hannun mafarauci ranar kasuwa, wani kuma tsaraba aka kawo masa daga ƙauye. Akwai masu ajiye shi don sha'awa, akwai kuma waɗanda suka yi imani cewa zamansa a gida yana kare sammu. Ko ma mene ne dalilin, yawanci ku yara da matasa ake bar wa ɗawainiyarsa, shi ya sa da ku nake son yin wannan magana. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake mu'amala da ƙoƙon bayansa. Ana ƙwanƙwasa shi, ana zama a kansa, ana shafa masa fenti, ana huda shi a zura igiya, duk bisa zaton cewa wani ɗaki ne da kunkuru ya shiga ya fake, wanda ba ruwansa da jin zafi.

Zaton nan kuskure ne tun daga tushe. Ƙoƙon kunkuru ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin gadon bayansa ne suka faɗaɗa suka haɗe da wasu ƙasusuwa da ke tsirowa a cikin fata, har suka zama wannan rufi na sama, aka kuma samu na ƙasa mai kare ciki, biyun suka haɗu ta gefe da gefe. Ƙasusuwa sama da 50 ne a haɗe a wurin. Har kafaɗunsa ma a cikin haƙarƙari suke, saɓanin sauran dabbobi masu ƙashin baya. Saboda haka babu ranar da kunkuru zai fita daga ƙoƙonsa ya bar shi, kuma babu ranar da zai canza wani. Da shi aka ƙyanƙyashe shi, tare suke girma, da shi zai mutu.

Zanen gida-gida da kuke gani a sama wani siririn ɓawo ne da ya lulluɓe ƙashin, falle-falle, an yi shi da sinadarin keratin, irin wanda aka yi farcenku da shi. To ku tuna yadda farce yake. Bakinsa ana yankewa ba a ji komai, amma idan aka danna tsakiyarsa kuna ji, idan kuwa ƙofa ta matse shi ko aka fizge shi kun san azabar. Haka ƙoƙon yake. A ƙarƙashin ɓawon akwai nama mai rai, da jijiyoyin jini, da jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa da na zafi. Shi ya sa wani kunkurun da ya saba da mutane, idan ka sosa masa baya a hankali, za ka ga ya miƙe ƙafafu yana karkaɗa gindi. Yana jin hannunka. Wanda yake jin susa kuwa babu shakka yana jin ƙusa.

Matsalar ita ce kunkuru ba ya kuka. Akuya idan ta ji ciwo duk unguwa sai ta sani, kaza ma tana da bakin ƙara. Shi kuwa sai ya janye kai ya yi shiru, mai shi ya ɗauka lafiya lau. Ciwo yakan yi watanni yana cin sa kafin a ga alama a waje. Don haka mai kiwon kunkuru dole ya zama mai lura, tunda dabbar ba za ta kawo masa ƙara ba.

Bari in fara da hudar nan, don ita ta fi ƙona mini rai. Ana ɗaukar ƙusa ko ƙarfe mai zafi a huda gefen ƙoƙon ta baya, a zura waya ko igiya, a ɗaure shi a gindin bishiya don kada ya ɓace. Wannan huda a cikin ƙashi mai rai aka yi ta. Ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma kunkuru dabba ce mai naci, ba zai daina ja ba, sai ramin ya yi ta faɗi har wata rana gefen ya ɓalle. Idan igiyar ta naɗe masa ƙafa ko wuya, ko inuwa ta gusa ta bar shi a rana tsaka ba halin matsawa, to an gama da shi. Kun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk dabbar da ka tsare, haƙƙinta ya hau wuyanka. Idan tsoron ɓacewa ne, a yi masa shinge. Ginin bulo ko na laka mai tsayin da ba zai iya hawa ba, wanda kuma ba ya hango waje ta cikinsa, domin idan yana hangowa zai yi ta tura kansa yana goge ƙoƙonsa a jikin shingen. A nutsa tushen ginin cikin ƙasa, saboda gwanin haƙa ne.

Sai fenti. Na san abin yana ba yara sha'awa, a rubuta suna a bayansa, a yi masa launin ƙungiyar ƙwallo, ko 'yan mata su shafa masa jan farce. Ku bari. Sinadaran fenti suna iya ratsawa ta layukan da ke tsakanin fallayen, inda sabon ɓawo yake fitowa da taushi. Fenti yana canza yadda ƙoƙon yake karɓar zafin rana, alhali da zafin rana wannan dabba take daidaita ɗumin jikinta. A jikin ƙaramin kunkuru kuwa, busasshen fenti yana iya riƙe layukan girma har ƙoƙon ya fito a karkace. Wanda ya riga ya shafa, kada ya ce zai gyara da fetur ko kananzir ko sinadarin goge fenti, wannan ƙara wa ciwo gishiri ne. A riƙa jiƙa shi da ruwa mai ɗumi ana gogewa a hankali, sauran a bar wa lokaci, zai bare da kansa.

Akwai kuma masu kyakkyawar niyya, waɗanda suke ganin ƙoƙon ya yi furu-furu da hunturu sai su shafa masa man ja, ko man kaɗe, ko basilin, don ya yi sheƙi. Ba ya buƙata. Mai yana kama ƙura da datti ya tara su a cikin layukan, yana jawo tururuwa da cinnaka, yana kuma rufe ƙananan raunuka ya hana ka ganinsu da wuri. Launin ƙasa-ƙasa marar ƙyalli shi ne launin lafiyayyen kunkuru. Idan ya yi datti, ruwa mai ɗan ɗumi da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, ban da Dettol da Izal da makamantansu, domin suna da ƙarfi ga irin wannan jiki. Kada kuma ka ga bakin wani falle ya ɗan ɗago ka sa farce ka ɓanɓare. Wasu nau'o'in kififiya da ke zama a ruwa suna zubar da tsohon ɓawo falle guda, wannan ɗabi'arsu ce, amma kunkurun tudu ba ya yin haka. Idan falle guda ya fita daga bayansa, ciwo ne.

Kafin in shiga batun abinci, ya kamata kowa ya san wane irin kunkuru ne a hannunsa, don ba duka ne buƙatarsu ɗaya ba. Babban nan mai launin yashi, mai kaushin ƙafafun gaba da wasu ƙayoyi a bayan cinya, shi masana suke kira Centrochelys sulcata. Ɗan ƙasarmu ne na asali. Mazauninsa shi ne yankin Sahel, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ana ƙyanƙyashe shi bai kai tafin hannun yaro ba, amma babban namiji yana iya haura kilo 80. Ciyawa ce abincinsa. Akwai kuma wani ƙarami, wanda ake kira Kinixys, mai wata gaɓa a ƙoƙonsa ta baya da ke lanƙwasawa ta rufe ƙafafunsa idan ya tsorata. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka karaya ce, har ya nemi liƙe ta. Halittarsa ce haka. Shi ya fi son inuwa da danshi, kuma ban da ganye yana cin katantanwa da ƙwari da 'ya'yan itace. Yawancin abin da zan faɗa game da abinci ya shafi babban ne.

Lafiyar ƙoƙo daga ciki take fitowa, kuma abu uku ne suke gina ta: rana, abinci, da ruwa. Tunda ƙashi ne, sai da sinadarin kalshiyam. Jiki kuma ba ya iya tsotsar kalshiyam daga abinci sai da bitamin D3, wanda fatar kunkuru take haɗawa idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye. A Turai da Amurka masu kiwonsa kuɗi suke kashewa suna sayen fitilu na musamman don su kwaikwayi abin da Allah ya ba mu kyauta. Abin takaici, mu da muke da ranar sai ka ga yaro ya sa ɗan kunkurunsa a kwali ko a bokiti ya tura ƙarƙashin gado, wata da watanni. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ma bai wadatar ba, domin gilashi yana tare ɓangaren hasken da ake buƙata. Sakamakon shi ne ƙoƙon ya yi laushi, ya lotsa ta baya, ƙafafu su kasa ɗaga jiki, ya riƙa jan ciki a ƙasa, wani lokaci har muƙamuƙi ya yi taushi ya kasa cizon ganye. Jaririn kunkuru a watanninsa na farko ƙoƙonsa yana da ɗan sassauci, wannan ba komai, amma ya kamata kullum ya riƙa ƙara tauri. Idan ya kai shekara kana dannawa a hankali yana lotsawa, akwai matsala.

Sai dai rana ma da iyakarta. A daji kunkuru yana fitowa da hantsi da kuma la'asar, idan rana ta take sai ya shige rami. Ramin nan yakan yi tsawon mita da yawa, cikinsa da sanyi da ɗan danshi ko a tsakiyar bazara. Ɗan kunkurun da aka bari a cikin roba ko kwano a ranar watan Afrilu, ba inuwa ba wurin gudu, yana iya mutuwa kafin a gama sallar azahar. Don haka wurin zamansa ya haɗa rana da inuwa, shi zai zaɓa da kansa. A bar masa ƙasa ya haƙa, ko a yi masa ɗan ɗaki mai duhu da ƙasa a ciki.

Wannan batu na rami ya kai mu ga wata nakasa da ake yawan gani a kunkurun gida, wato fallayen bayansa su yi tsiri-tsiri, kowanne ya tashi sama da kansa maimakon baya ya fito sumul. Wasu suna ɗauka ado ne. Na daji ba kasafai yake yin haka ba. An daɗe ana ɗora laifin a kan abinci mai yawan furotin, har a 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana a ƙasar Ostiriya, Wiesner da Iben, suka raini 'ya'yan wannan nau'i namu a yanayi daban-daban na danshi da abinci. Suka tarar cewa waɗanda suka tashi a busasshiyar iska sun fi yin tsirin, kuma tasirin bushewa ya fi na abinci. Abin zai ba mutum mamaki, dabbar Sahel a ce bushewa tana yi mata illa. Amma idan ka duba rayuwarsa sai ka gane. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa ne wajen damina, jaririn kuma yana ɓoye a cikin ciyawa da ramuka masu laima. Wanda aka raina a kan siminti cikin iskar hunturu ya rasa wannan duka. Tsirin da ya riga ya fito ba ya komawa, kada wani ya ce zai goge shi da magagari ko takardar yashi. Abin da za a iya shi ne a gyara kiwo don sabon girman da zai biyo baya ya fito daidai. A riƙa yayyafa ruwa a ƙasar maɓoyarsa ta yi laima, ba ta yi caɓi ba.

Maganar da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa, ko iska kawai yake sha ya rayu, ba gaskiya ba ce. Yana da juriya, yana adana ruwa a mafitsararsa na tsawon lokaci, amma juriya daban, rashin buƙata daban. A ajiye masa ruwa mai tsabta a faranti mai faɗi marar zurfi, wanda zai iya shiga ya fita. Ƙarami a riƙa tsoma shi a ruwa mai ɗan ɗumi na kamar minti 15 zuwa 20, sau da yawa a mako, ruwan kada ya wuce haɓarsa, kuma kana tsaye a kansa. Ku lura da farin abin da yake fitarwa tare da fitsari. Idan yana da laushi, lafiya. Idan ya zama tsakuwa-tsakuwa, ruwa ya yi masa ƙaranci, kuma wannan nau'i yana da saurin samun dutse a mafitsara. Ku sani kuma kunkurun tudu ba ya iyo. Rijiya marar murfi, kwatami, tankin ƙasa, duk tarko ne a gare shi.

Abinci kuwa, a nan ne ƙauna take yin ɓarna. Ana zuba masa ragowar tuwo, da shinkafa da mai, da burodi, da ƙashin miya, yana ci, sai a ce ai yana so. Zai ci, har leda ma zai haɗiya idan ta yi ƙanshin abinci, shi ya sa dole a share wurinsa. Amma cikinsa na mai kiwo ne, an gina shi don ciyawa mai kaushi da take daɗewa tana narkewa. Mafi yawan abincinsa ya zama ciyawa, ɗanya da damina, busasshiya da rani: ƙiri-ƙiri, gude-gude, harkiya da irinsu, waɗanda ba a fesa wa maganin ƙwari ko na kashe ciyawa ba. A ƙara masa da ganye kamar zogale, rama, lalo, ganyen kabewa. Alayyafo kaɗan-kaɗan, don yana da sinadarin da ke riƙe kalshiyam. Harawa da wake ba kullum ba. Mangwaro da kankana da ayaba sai jefi-jefi, zaƙinsu yana ɓata masa ciki. A nisanta shi da tumfafiya da zaƙami da zurma. Don ƙarin kalshiyam, abu mafi sauƙi shi ne ɓawon ƙwai: a tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa ɗan kaɗan a kan ganyensa sau biyu ko uku a mako. Kada ku yi gasar wa kunkurunsa ya fi saurin girma. Girman gaggawa da abinci mai nauyi yake kawowa yana fin ƙarfin ƙashi.

Ƙasan ƙoƙon ma yana buƙatar kulawa, shi ne wanda ba a cika dubawa ba. Siminti mai kaushi yana goge shi kullum har ya cinye ɓawon, tayil kuma yana da santsi, ƙafafun ƙarami sai su riƙa baɗewa. Mafi muni shi ne zama a cikin ƙazantar danshi, bakin rariya ko makwararar ruwan wanke-wanke, ko a cikin kashinsa. Daga nan ruɓewar ƙoƙo take farawa. Za ka ga wuri ya canza launi, ya yi fari-fari ko ja-ja, ko ya yi ƙananan ramuka, ko ya yi laushi, wani lokaci da ruwa-ruwa da wari. Idan abin yana sama-sama, a wanke wurin a hankali da aidin irin na wanke rauni, wanda aka sirka da ruwa har launinsa ya koma na shayi marar kauri, a mayar da shi wuri busasshe mai tsabta, a ci gaba da ba shi ruwan sha. Idan akwai wari, ko jini, ko ya daina cin abinci, ya wuce maganin gida. Cutar tana iya ratsa ƙashi ta shiga jini.

Ina ba ku shawara ku ware rana ɗaya a mako ku duba shi sosai. Ku ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya kowane gefe, kusa da ƙasa, don idan ya zille kada ya faɗo daga sama. Ku leƙa ƙasansa da sauri ba tare da kun bar shi a kife ba. Ku shinshina. Ku duba hammatarsa da matsematsinsa ko akwai kaska. Siririn farin layi da ke bayyana tsakanin fallaye alamar sabon girma ce, ba cuta ba. Zoben da ke kan kowane falle kuma ba ya ba da shekarunsa daidai, don yana bin samuwar abinci ne, shekara guda tana iya barin zobe fiye da ɗaya. Idan kuka ɗaga shi ya tsula fitsari, tsoro ne ya sa, kuma ruwan ajiyarsa ne ya zubar, sai a ba shi dama ya sha ya mayar.

Kifar da kunkuru a bayansa don a ga yadda zai yi fafutuka wasa ne da ya kamata ku hana ƙannenku. Huhunsa a sama yake, daf da rufin ƙoƙon. Idan aka kifar da shi, nauyin kayan cikinsa yana danne huhun, idan kuma a rana ne zafi ya ƙarasa shi. Maza biyu manya a wuri ɗaya ma sukan yi wa juna haka, suna da wani ƙaho mai baki biyu a gaban ƙoƙon ƙasa da suke tunkuɗa abokin faɗa da shi har su kifar da shi. A raba musu wuri. Hawa bayansa kuma, ko da ya yi girman turmi, ƙashin gadon bayansa ake dannewa.

Yanzu karaya. Mota ko babur su taka shi a ƙofar gida, kare ya tauna shi, yaro ya sake shi daga kan dakali, fartanya ta same shi a cikin ciyawa, ko a cinna wa shara wuta yana ciki. Ƙanana kuma ɓera da shaho da hankaka suna yi musu ɓarna, don haka a rufe wurin kwanansu da raga. Idan ƙoƙo ya fashe, abin da aka saba yi shi ne a ɗauko gam mai ƙarfi a ɗura a cikin tsagar, ko a shafa baƙin mai, ko toka, ko siminti. Duk waɗannan suna kulle ƙwayoyin cuta a ciki, gam ɗin da ya shiga tsakanin ƙashi biyu kuma yana hana su haɗewa har abada. Abin yi shi ne a tafasa ruwa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a wanke dattin bakin raunin a hankali. Idan ramin ya yi zurfi har ana ganin ciki, ko ana jin iska tana fita, kada a zuba komai. A rufe da tsumma mai tsabta, kada a cire ɓallin da yake maƙale, a sa shi a kwali a ɗaki inda ƙuda ba zai kai gare shi ba, domin ƙuda yana yin ƙwai a rauni ya zama tsutsa cikin kwana ɗaya. Daga nan sai likitan dabbobi. Ƙoƙo yana warkewa, tunda rayayye ne, amma a hankali, watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Na ga ana yanke ƙauna da wuri a jefar da kunkurun da zai iya rayuwa, kada ku yi haka.

Game da likita, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa. Ga kuma gargaɗin da nake so ku haddace. Maganin nan ibamektin, wanda aka fi sani da Ivomec, da ake yi wa shanu da tumaki allurarsa don tsutsar ciki da kaska, guba ne ga kunkuru. Yana shanye masa jiki, yana kashe shi. Da yake kusan kowane mai kiwo yana da shi a gida, kuma mai shagon magani zai iya miƙo maka shi da zuciya ɗaya, dole ku ne za ku ce a'a. Kaska da hannu ake cire ta, a kama ta daf da fata da ɗan hantsaki a ja a hankali. Maganin feshi na dabbobi ma kada ya taɓa shi.

Ku ma ku kare kanku. Kunkuru mai cikakkiyar lafiya yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa da jikin ƙoƙonsa, wadda take sa mutum zawo da zazzaɓi, ta fi tsanani ga jarirai da tsofaffi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da tsawonsu bai kai inci 4 ba tun 1975, don yara suna sa su a baki. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada a yi masa wanka a kwanon abinci ko kusa da madafa, kada kuma a bar mai rarrafe ya yi wasa a wurinsa.

Wanda bai riga ya mallaki kunkuru ba, ya yi tunani kafin ya saya. Babban kunkurun nan na Sahel yana iya haura shekara 70, wato yana iya ganin jikokinka, kuma ɗan abin da ka sa a aljihu yau zai zama mai rushe katangar laka da haƙa rami a ƙarƙashin ɗaki. Gidan haya mai tsakar gida ta siminti ba wurinsa ba ne. Sannan a daji yana ƙarewa. Kiwo ya cinye ciyawar da yake ci, hamada tana matsowa, ana kuma kwasar sa ana sayarwa, shi kuwa sai ya shekara goma ko fiye kafin ya fara haihuwa. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya da Nijar suke cikinta, ta rufe fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. A Senegal har wuri guda aka keɓe a Noflaye, kusa da Dakar, don rainonsa. Duk wanda aka saya a hannun mafarauci, an ba mafaraucin dalilin komawa ya kamo wani.

Wanda yake hannunka ya riga ya zama amanarka. Idan ya fi ƙarfinka, kada ka kai shi bayan gari ka yar, don wanda ya daɗe a gida yana iya kai wa na daji cuta, kuma bai san inda zai sami mafaka ba. Ka nemi wanda yake da fili da sanin kiwonsa, ko ka tuntuɓi gidan ajiye namun daji ko ma'aikatan gandun daji na jiharku, ka kuma gaya wa wanda zai karɓa abin da yake ci da duk wani ciwo da ya taɓa yi. Idan kuwa a hanyar gona ko a kan titi ka gamu da na daji yana tsallakawa, ka ɗauke shi da hannu biyu kusa da ƙasa, ka tsallakar da shi ta ɓangaren da ya nufa, ka ajiye shi a cikin ciyawa nesa da kwalta, ka wanke hannunka idan ka isa gida.